Katunan da Muka Ɗora a Kan Tire

Yau kwana shida ke nan ba mu ga rana ba a Samaru. Markar bana ba ta zo da ruwa mai ƙarfi ba, yayyafi ne kawai marar gajiya, ya ɗauke har ka fito da wanki, kana juya baya ya dawo. Zannuwana uku suna rataye a igiya cikin ɗaki sai warin danshi suke yi, gishiri ya narke a kwalba, gwiwoyina kuwa su ke fara ba ni labarin hadari kafin rediyo. Kowace shekara in marka ta zauna haka, hankalina yakan koma wata damina guda da muka yi shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Bana kam ba ruwan kaɗai ya mayar da ni can ba, har da idanun Helma Istifanus.

Helma shi ne shugaban leburori a kamfanin matsar mai inda na yi aiki, can bayan Sabon Gari, inda ake matse angurya da gyaɗa. Ni mai buga takardu ce a ofis, kuma da yake ni kaɗai na iya tafireta, ƙungiyar ma'aikata ta ɗora mini nata rubuce-rubucen ba tare da ta nemi shawarata ba. Sunansa Istifanus, amma har matarsa marigayiya Helma take ce masa. Yanzu ya haura tamanin, yana zaune a Muchia wurin ɗansa, a bana ne yanar ido ta rufe masa gani gaba ɗaya. Likita ya ce aikin cire ta ba ya kai awa guda, amma in aka ci gaba da jan ƙafa idon zai mutu a ƙarƙashinta, ko an cire ma a banza. Kuɗin aikin ya fi ƙarfinsu shi da ɗan. Da suka ce a duba asusun lafiya na ƙungiya, aka danna kwamfuta aka ce babu sunansa. Asusun nan kuwa da galmarsa aka kafa shi, a kan idona.

A bazarar waccan shekara babban injin kamfani ya tsaya. Aka ce wani ƙarfe ne ya karye a cikinsa, sai an yi odarsa daga ƙasar waje. Masu kamfani ba su kore mu ba, ba su kuma biya mu ba, suka ce mu yi haƙuri. Haƙurin kuwa muka yi, don shi kaɗai ne ba sai an saya ba.

Ban taɓa ganin zafi irin na shekarar ba. Da hantsi kwanon rufi zai fara ƙas-ƙas kamar ana taka shi, kafin azahar ba mai iya zama a ɗaki. Rijiyar unguwarmu ta koma taɓo, sai ka zura guga ka tsaya kana jira ya tara maka rabinsa da jan ruwa. 'Ya'yana uku duk ƙuraje suka feso musu a wuya da baya. Maigidana marigayi Bitrus malamin firamare ne, nasu albashin ma sai ya ga dama yake zuwa. Mangwaro ne ya rufa mana asiri a watannin nan, yara su sha har ya ƙone musu gefen baki, ni kuma in dafa ɗan abin da ya samu sau ɗaya da yamma. Duk da haka kullum da safe sai na hau keken Bitrus daga Samaru, in bi ta Kwangila in gangara kamfani, wai ko akwai labari. Mukan taru a gindin wata darbejiya da ke bakin ƙofa, kowa ya sa kayan aikinsa kamar gaske, mu zauna har rana ta take, mu watse.

A gindin darbejiyar nan Helma ya miƙe wata rana ya ce shi ya gaji da kallon fuskokinmu. Bayan kamfani akwai fili mai faɗi da aka yi shekaru ana zubar da dusar angurya da toka, ƙasar ta yi baƙi wuluk, ba mai cin moriyarta sai ciyawa. Ya ce ya tambayi manaja, manaja ya ce mu yi abin da muka ga dama da shi. Don haka gayya za a yi, kowa ya zo da abin noma da mudun iri.

Mista Eze, makanikin inji, haifaffen Sabon Gari da Hausarsa ta fi ta wasunmu gudu, ya ce, "Helma, ni fa sifana na sani. Wannan galma taka, ina makullinta?"

"Ba ta da makulli," in ji Helma. "Ka dai sunkuya, da kanta za ta koya maka."

Mudun irin nan shi ya fi komai wuya. Masarar da ta rage mana a gida ba ta fi mudu biyar ba. Na auni ɗaya na ƙulle a ɗankwali, babbar 'yata tana tsaye tana kallona, ta ce, "Mama, ina za ki kai mana tuwo?" Na ce zan je in binne shi ne ya haihu. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Ruwan farko ya zo muna tsakiyar sharar fili. Gabas ta haɗe, iska ta taso ta kwashe hular akanta ta haura da ita katanga, ƙamshin ƙasa ya bugi hancinmu tun kafin ɗigo ya taɓa mu. Ba wanda ya nemi mafaka. Manyan mutane masu 'ya'ya suka tsaya a fili baki buɗe, ruwa na dukansu. Washegari shinge ya fito, yara suka cika kwanuka, muka soya da gishiri, shi ne naman da muka ci a watan. Muka shuka masara a tudu, waken soya a gangare. Sai kuma ruwa ya ɗauke ƙafa kusan mako biyu, tsiro ya nannaɗe ganye, muna zagayawa muna kallonsa ba abin yi. Musulminmu suka fita roƙon ruwa, mu ma muka durƙusa a coci, da ya sauko aka daɗe ana musun addu'ar wa aka amsa.

Helma ya tsara aikin yadda yake tsara leburorinsa. Ran Juma'a da rana mu Kirista mu riƙe gona, ran Lahadi da safe Musulmi su riƙe. Maza su jeru kowa da layinsa, wanda ya riga kai ƙarshe ya juyo ya taro wanda ke baya. Kullum Eze ake tarowa. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, matarsa ta naɗe masa da tsumma, washegari ya dawo yana zagin galma da yare uku.

Mu mata mu yi ciran ciyawa da sanyin safiya, da hantsi mu koma gindin darbejiya mu ɗora fate a rabin durom. Sunansa dai faten tsaki, amma tsakin sai an yi bincike: rama ce da yakuwa da gauta da tafasa, duk ganyen da ba ya kisa. Matar Eze takan zo da ɗan manja a kwalba ta ɗiɗɗiga a kai don ido ya samu nasa. Mu zuba a manyan kwanoni, mutum shida-shida, akanta da mai shara hannu na gogar hannu. Na ci abinci a wurare da yawa bayan nan, har a otal ɗin da ake jera maka cokali uku, ban ƙara cin abin da ya kai faten nan daɗi ba. Na san yunwa ce ta sa, amma ba zan fasa faɗa ba.

Sai marka ta shigo, irin wannan ta yau. A lokacin ne yunwa ta zauna da gindinta, don tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. In tashi da sassafe in tarar ashana ta sha danshi ta ƙi kamawa, in ɗauki kasko in bi maƙwabta neman garwashi. Itace jiƙe, hayaƙi ya cika madafa, in yi ta hura wuta ina hawaye, mai wucewa ya ɗauka duk na hayaƙi ne. Kunun safe tsararo, kana hango gindin kofi. Da rana kwaɗon rama da ɗan ƙuli. Da yamma in an samu gari in tuƙa tuwo malmala huɗu, uku na yara ɗaya na Bitrus, in ce ni na ci a gona. Shi kuma ya ci rabi ya ture kwanon ya ce cikinsa ba daɗi. Mun yi wata guda muna yi wa juna wannan ƙarya, kowa ya san ta ɗan'uwansa, ba wanda ya tona.

Masara kuwa tana tsaye kore shar, ta yi goyo bibbiyu, gemunta ya fara ja, kana ratsawa ta cikinta cikinka na kuka. Helma ya kafa doka cewa ba mai karya ko ɗaya sai ranar da kowa zai karya. Shi da kansa yake zagaya gonar cikin ruwa da buhu a ka, yana leƙa goyon kamar ungozoma.

Ruwa ya kwanta ko'ina, sauro ya zo, zazzaɓi ya biyo shi. Ba gidan da bai kwantar da yaro ba. Ganyen darbejiya muke dafawa mu yi musu surace, mu ɗura musu ruwan suna ihu. Yawancinsu sun tashi. Ngozi, 'yar Eze mai shekara shida, ba ta tashi ba. Kwana uku jikinta kamar wuta, uban yana jin nauyin ya roƙi mutanen da ya san ba su da shi. Sai a rana ta huɗu da ta fara shiɗewa muka ji, muka harhaɗa abin da ke aljihunmu, Helma ya goya ta a keke cikin ruwa zuwa asibiti. Likita ya ce da jiya aka kawo ta. Ranar jana'iza kabarin ya tara ruwa kafin fasto ya gama addu'a, sai da aka sa ƙwarya aka kwashe. Bayan kwana biyu Eze ya zo gona da galmarsa ya kama layinsa. Ranar ba wanda ya juyo ya taro shi, don mun ga so yake a bar shi, shi kaɗai ya kai ƙarshe.

Kaka ta yi kyau fiye da yadda muka zata. Ranar da aka karya masarar farko aka hura wuta a bakin gona, muka gasa muka ci har muƙamuƙi ya gaji. Aka raba masara bisa yawan bakin da ke kowane gida, ba bisa ƙarfin wanda ya yi noma ba. Waken soya kuma aka sayar wa wani ɗan kasuwa a Sabon Gari, aka taru a sito don a raba abin da aka samu. Kowa ya riga ya kashe rabonsa a zuci, ni takalman makaranta na saya wa yara. Sai Helma ya ce shi a ganinsa kada a raba. A ajiye shi ya zama na asibiti, duk wanda ciwo ya shiga gidansa ya tafi kai tsaye ba sai ya kalli fuskar kowa ba, in aiki ya dawo kuma a riƙa cire ɗan wani abu daga albashi ana ƙarawa. Aka fara gunaguni. Eze, wanda ba mu ji muryarsa ba tun rasuwar, ya ce nasa rabon dai a fara da shi. A nan gunagunin ya mutu.

Aka kifa durom aka ɗora mini tafireta, suna faɗa ina bugawa, takarda huɗu da kabon a tsakani. Har an kusa tashi Helma ya ce, "Saratu, ƙara wannan. Wanda ya yi ritaya yana nan cikin asusu har ƙarshen ransa, shi da matarsa, in mace ce ita da mijinta. Ba wanda ya fita sai wanda ya rubuto da hannunsa cewa ya fita. Kuma ba a taɓa wannan sashe sai an kira tsofaffin sun zauna a taron."

Sito ya ɗauki dariya. Waɗanne tsofaffi? Yawancinmu ko furfura ɗaya babu. Wani ya ce Helma ya fara yi wa kansa shimfiɗa tun rana na tsaka. Aka dai bar masa don a samu a tashi, na buga, ya zama sashe na tara. Kafin Kirsimeti ƙarfen inji ya iso, aiki ya dawo, aka haɗa takardun da sauran dokokin ƙungiya aka kai kundin aka yi masa rajista, aka buga wa kowa kati mai hoto da hatimin kamfani a kusurwa.

Hatimin nan ne ya cuce mu, ko in ce mu muka cuci kanmu. Wanda ya fara yin ritaya a cikinmu maigadi ne, mutum mai tsoron Allah da tsoron a ce ya ci amana. Ranar bikin sallamarsa ya sa aka kawo tire, ya jera makullai da tocila da usur da rigar ruwa, sannan ya laluba aljihu ya fito da katin asibiti, ya ga hatimin kamfani a jiki, ya ɗora a sama. Ya ce ga kayansu nan, ko allura bai tafi da ita ba. Manaja ya rungume shi, mata suka rangaɗa guɗa, aka yi ta tafi. Daga ranar tire ya zama al'ada. Duk mai ritaya sai an shimfiɗa masa saƙaƙƙen ƙyalle a kan tire, ya jera komai a gaban jama'a, kati a sama. Na taɓa yin magana sau ɗaya, aka ce kada in ɓata biki, ai duk mai bukata zai dawo ya karɓa. Wa zai dawo ya ce a ba shi abin da ya ajiye da hannunsa ana tafa masa? Ba wanda ya taɓa dawowa. Helma ya ɗora nasa. Ni da na buga sashe na tara da yatsuna, da ranata ta zo, ga 'yan zumuntar mata sun zo da anko, ga kiɗa, ga idanu, na ɗora nawa ina murmushi. Lafiyata ƙalau a lokacin, ko ciwon kai ba na yi, ban ga abin da zan yi da kati ba.

Shekaru suka tafi. Yaran da ke riƙe da ƙungiya yanzu suka miƙa asusun ga wani kamfanin inshorar lafiya, shi kuma ya ce a ba shi sunaye, suka kwafo masa daga takardar albashi. Ba mugunta suka yi ba. Tsoho ko ɗaya bai taɓa zuwa ya nemi komai ba, ta ina za su san da mu?

Farkon daminar nan na ji labarin idon. Rabona da Helma tun jana'izar matarsa, shekara takwas ke nan, don hanyar da a da nake yi kullum a keke yanzu sai na yi shawara da gwiwoyina. Na shiga a-daidaita na tafi Muchia. Na tarar da shi a baranda zaune, fuska a sama, idanun sun yi fari kamar an ɗiga musu madara. Ina yin sallama ya ce, "Saratu mai tafireta. Har yanzu muryar nan ba ta mutu ba?"

"Ita za ta binne ka, Helma. Me na ji, wai babu sunanka?"

"To ai babu. Shekara nawa rabona da zuba ko kwabo? Yaran nan albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata, ni in je in zauna musu a wuya? Na mayar da kati a gaban mutane, Saratu. Ki bar maganan nan."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai ka sa na buga sashen nan, ana yi maka dariya ka ƙi zama. Wa ka rubuta wa, aljanu? Eze ya yi kunyar roƙo kwana uku, ka ga abin da ta jawo masa. Kai ka goya yarinyar."

Ban kyauta ba, na sani. Na fara neman ta inda zan ba da haƙuri. Can ya ce, "Kin tabbata sashen yana nan, ba su goge ba?"

Ban tabbata ba, don nawa kwafin gara ta cinye shi tuntuni. Akwai wata lauya a zumuntar matanmu, Barista Rahila, na tare ta bayan sujada na karanta mata sashen da ka, ban tsallake ko kalma ba.

Ta ce, "Mama, in da baki kawai aka yi muku alkawarin nan, da sai in ce ki je ki yi addu'a, don tsofaffi da yawa haka suke rasa nasu. Amma in yana cikin kundin da aka yi wa rajista, to ya ɗaure ƙungiya ko wa ke shugabanci. Mayar da kati ba fita ba ne, tunda kundi ya ce fita sai da wasiƙa. Kin rubuta wasiƙa?"

Na ce ban rubuta ba.

"An taɓa kiranku taro a kan sauya sashen?"

Na ce ko goron gayyata ban gani ba. Ta ce to mu nemo kwafi mai hatimi daga ofishin da aka yi rajista, mu rubuta wa ƙungiya, mu tabbata an buga mana shaidar sun karɓa, in sun ƙi akwai kotun ma'aikata. Ta ƙara da cewa, "Kuma in kun je kada ku ce a taimaka muku. Ba taimako kuka je nema ba, naku ne."

Kwafin ya ci mana makonni ana je ka dawo. Da ya iso hannuna na gane bugun tafiretata, har da inda layi ya karkace saboda durom ɗin na girgiɗi. Ba wanda ya taɓa sashe na tara.

Aka kira taro a sitonmu na da, yanzu an sa masa fanka da kujerun roba. Mu tsofaffi muka zo, waɗanda ƙafa ta iya kawowa, daga Jushi da Hanwa da Samaru, wasu matan mamata ne. Sakataren ƙungiya, mutum mai ladabi da ko makaranta bai shiga ba a shekarar gayya, ya saurari Barista har ta gama, sannan ya shiga ciki ya fito da kwali ya ajiye a tebur.

"Iyayena, ku gafarce ni," ya ce. "Wannan na gada a kabad. An ce mini na waɗanda suka fita ne da kansu."

Katunanmu ne, an ɗaure su da roba dami-dami. Wani ma'aikaci daga baya ya ce in aka shigar da tsofaffi abin da ake cire musu zai ƙaru, su ma fa da iyali. Gaskiya ya faɗa, ban ji haushinsa ba. Sakatare ya ce lalle zai ƙaru, amma abin da ke cikin kundi ba shi da ikon tsallake shi, kuma shi ma ranar tasa ritayar yana so ya tarar da sashen a raye. Ya tsinke robar ya fara kiran suna don ya miƙa wa kowa nasa.

A nan ne abin ya fi ƙarfina. Ya kira suna, shiru. Ya kira na biyu, shiru. Sai Helma, da ke zaune kusa da ni ya juya fuska inda muryar take, ya fara amsawa a madadinsu. "Ya rasu. Hawan jini, ya daina sayen magani." Aka kira wata. "Ta rasu. Ciwon suga, ƙafa ce ta ruɓe." Aka kira wani. "Ya koma garinsu, can ya rasu. Ƙaba ce kawai ba a yi masa aiki ba." Wannan Eze ne. Muryar Helma ba ta rawa, kamar yana kiran leburori da safe. Duk mutanen nan sun mutu suna da haƙƙin ganin likita, haƙƙin yana kwance cikin kwali, ba abin da ya hana su zuwa sai kara. Na yi kuka a gaban yara, ban kuma ɓoye ba. Mutumin nan na baya na ga ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Da aka zo kan nasa, sakatare ya taso ya durƙusa ya sa masa a tafin hannu. Helma ya shafa katin gaba da baya, ya ce, "To, a kai ni."

Sai da aka ƙara makonni kafin kamfanin inshora ya shigar da sunayen. Shekaranjiya aka yi aikin. Likita ya ce idon hagu ya riga ya mutu, mun makara, na dama kuwa an same shi. Jiya da safe na je asibitin, ni da ɗansa muna tsaye nas ta ɓare audugar a hankali. Ya ƙifta, ruwa ya zubo, ya sake ƙiftawa. Ya dubi ɗansa ya gyaɗa kai. Sannan ya juyo gare ni ya tsaya, ya bi ni da idon nan guda tun daga ɗankwali har sandar da nake dogarawa.

"Saratu," ya ce, "yaushe kika tsufa haka?"

Tun da na san Helma ban taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ban mayar masa ba. Wannan ce ta farko. Sai na ja kujera na zauna kusa da gadon, wajen da ya fi haske, na bar shi ya kalle ni.